Yadda Na Je Duwala Na Ga Isiyaku Bahago

Tun da na dawo daga Duwala ba a bar ni na sarara ba. Duk wanda ya leƙo shagon ɗinkina a nan Jos sai ya ja benci ya zauna, ya ce, "Haruna, wai da gaske ne Isiyaku Turawa yake koya wa ƙwallo? Wai da gaske ne yana da mota?" Ina ta ba da labarin guntu-guntu, ina tsallake inda bai yi mini daɗi ba. Yanzu na gaji da tsallakewa, zan faɗe shi dukansa.

Ga wanda bai san mu ba, ni da Isiyaku tare muka taso, tare muka buga wa ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa, ba takalmi a ƙafarmu. Ni ne ɗan gaba na tsakiya, ni ke cin ƙwallaye. Shi yana gefen hagu, shi ya sa ake ce masa Bahago, kuma sau da yawa sai wani bai zo ba ake saka shi. Wata shekara wani attajirin shanu, Alhaji Tanko, ɗan asalin Katsina amma mazaunin Duwala, can inda Faransawa ke mulki, ya zo Jos ya kalli wasanmu. Da aka tashi ya aiko a kira ni. Ya ce yana da ƙungiya a unguwarsu, yana neman mai ci masa ƙwallo, zai ba ni ɗaki da sana'a. Babana ya ce ba da ɗansa za a tafi ƙasar Faransawa buga tamola ba. Na yi ta gaya wa mutane Baba ne ya hana ni, amma gaskiya da ya hana ɗin sai da na ji sanyi, don tsoron tafiyar nake yi. Alhaji ya ɗauki Isiyaku a madadina.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. A cikinsu wasiƙunsa suka yi ta zuwa: ya zama kyaftin, wani Bature ya tafi da shi Faransa, ya dawo Duwala an ba shi horar da ƙungiyar. Ta ƙarshe ta ce sun kai wasan ƙarshe na kofin gari, lallai in zo in gani. Na ce wa matata zan je zumunci. A raina kuwa so nake in je in tarar rabin abin da ke cikin wasiƙun nan ƙarya ne.

Jirgin ƙasa ya kai ni Kafancan, na sake wani ya haye da mu gadar Makurɗi har Inugu. Daga nan na shiga bayan babbar mota, a kan buhunan albasa. Kusa da ni akwai wani Bafulatanin Garwa, Malam Buba, mai fataucin goro, wanda ya bi hanyar nan har ya haddace ramukanta. Shi ya gaya mini cewa daga Mamfe zuwa Kumba hanyar ba ta ɗaukar mota biyu, don haka rana ɗaya ta masu gangarawa ce, rana ɗaya ta masu hawowa. Muka isa Mamfe a ranar da ba tamu ba, muka kwana zangon Hausawa, inda aka ba mu tuwon masara da miyar wani ganye mai tauri da na tauna har muƙamuƙina ya gaji.

Kashegari ruwa ya kece. Sau uku motar tana kafewa muna sauka muna turawa. A na ukun laka ta haɗiye mini takalmi ɗaya na ƙafar dama, sabo, wanda na saya musamman don kada Isiyaku ya gan ni a tsiyace. Na tsuguna ina lalube da hannu har direba ya ce zai tafi ya bar ni. Malam Buba ya yi dariya har da hawaye, ya ara mini wasu silifa na tayar mota.

A bakin iyaka muka tarar da jandarma, wato ɗan sanda, Bafaranshe zaune a rumfa, da wani baƙin mutum mai gajeren wando yana duba takardu. Suka karɓi tawa suka juya ta gaba da baya, suka ce hatimin rigakafi bai fito sosai ba, in koma Kumba. Malam Buba ya yi ta roƙo da Faransancinsa, ba su ko ɗago kai ba. Can mai gajeren wandon ya tambaya wurin wa zan je a Duwala. Na fito da ambulan wasiƙar. Yana karanta sunan sai ya miƙe tsaye.

"Metir Izak? Na Nubel?"

Malam Buba ya ce mini haka suke kiran Isiyaku, Metir kuwa kamar a ce Malam ne, ko gwani, Nubel kuma unguwarsu ce. Mutumin ya kama hannuna da hannu biyu, ya yi ta zuba magana yana kwatanta bugu da ƙafar hagu, ya buga mini hatimi nan take. Kowa a motar ya taya ni murna. Ni kuwa na koma kan albasata na zauna. Sunan mutumin da ni na koya wa sa kai ga ƙwallo, shi ya buɗe mini ƙasa.

Muna wuce shingen direba ya karkata ya koma hannun dama. Na ƙwalla salati, na zaci barci ya kwashe shi. Ashe haka Faransawa ke tuƙi. A Mbanga muka hau ƙaramin jirgin ƙasa ya ratsa da mu gonakin ayaba har bakin kogin Wuri, muka haye sabuwar gadar nan da ba a daɗe da gamawa ba, muka shiga Duwala ana yayyafi. Kwana goma sha huɗu na yi a garin, ban ga ranar da ba a yi ruwa ba.

New Bell, wadda mutanenmu na can ke ce wa Nubel, unguwar baƙi ce, kowace ƙabila da ɓangarenta. Gidajen katako ne da rufin kwano, kwatoci a buɗe, ana tsallaka su a kan katakai. Na ji daɗin ganin haka, Allah ya gafarta mini, na ce ashe cikin laka yake. Ban ma nemi kwatance sau biyu ba. Mai tsire na farko da na tambaya ya bar tukubarsa ya raka ni har ƙofar gidan, kuma gidan na bulo ne, mai fenti.

Isiyaku ya fito da gudu yana ɗan ɗingishi. Ya yi ƙiba, ya tara gashin baki irin na Faransawa. Ya rungume ni, kafin in ankara ya sumbace ni a kumatu hagu da dama. Na ture shi.

"Kai, Bahago, mene ne haka?"

"Gaisuwar can ce, ta bi jikina," in ji shi yana dariya. Ya dubi ƙafafuna. "Haruna, da waɗannan ka keto ƙasa biyu?"

Da safe na tarar da takalmi baƙi mai igiya a bakin ƙofar ɗakina. Ya yi mini daidai, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Mota dai ba shi da ita, babur ne ƙarami. Matarsa Dudu, 'yar Ngaundare, ta karɓi kuka da daddawar da mahaifiyarsa Inna Kande ta ba ni in kawo, ta yi ta shinshinawa tana godiya. Hausarta irin ta can ce, ba ruwanta da mace ko namiji, sai ta ce, "Inna yana lafiya?" Da safe ba koko ba ƙosai, sai kofi da madara da wani dogon burodi kamar sanda, mai ɓawon da ya yanke mini dasashi. Da rana ta kawo ƙullin rogo da aka naɗe a ganye aka ɗaure da zare, da miyar shuwaka mai gyaɗa da kifi. Na ɗauka da ganyen ake ci, na gatsa, yaransa suka fashe da dariya. Da tsakar rana kuma gari duk sai ya rufe, kantuna da ofisoshi, a tafi cin abinci da barci. Kuma komai yawan haɗuwarku da mutum a yini sai kun sake musabaha. A babbar kasuwa, wadda suke ce wa Marshe, sai da hannuna ya yi tsami, don 'yan dako da mahauta da masu tebur kowa so yake ya gaisa da Metir, ni kuma a gaishe ni don ina bayansa.

A falonsa akwai hotuna. Ga shi cikin riga mai ratsi a tsakiyar Turawa goma, ga shi tsaye cikin ƙanƙara da babbar kwat. Ya ba ni labarin garin, wani ƙaramin gari ne na masu haƙar gawayi. Da safe yana aiki a masana'anta, da yamma horo, ranar Lahadi wasa. Ya ce watansa na farko kuka ya riƙa yi saboda sanyi, kuma wata shida yana cin ƙwai da dankali don gudun naman alade. Shekara huɗu ya buga musu, har wani mai tsaron baya ya taka masa gwiwa ta lalace. Yana jinya ne ya riƙa zama kusa da mai horar da su yana rubuta komai a littafi, har ya yi jarrabawa aka ba shi takarda. Yana magana ina kallon hoton ina cire fuskarsa ina sa tawa.

Ranar Juma'a a masallacin Hausawa na ga yadda yake salla. Gwiwar ba ta lanƙwasuwa, sai ya zauna ya miƙe ƙafar gefe yana sunkuyawa. Ina sahu kusa da shi, goshina a ƙasa, na ji daɗi ya ratsa ni cewa ni tawa gwiwar lafiya lau take. A cikin salla fa. Na yi istigfari, amma daɗin bai tafi nan da nan ba.

Bayan salla muka je gaida Alhaji Tanko. Ya tsufa, amma ya gane ni.

"Wannan ba shi ne yaron da ya ƙi ni ba?"

"Ranka ya daɗe, Baba ne ya hana."

"To, Allah ya yi rabon na wani ne," in ji shi.

Zauren cike yake da mutane. Na ga kowa yana kallon Isiyaku da sha'awa, sai bakina ya suɓuce na ce, "Ai wannan da kuke ce wa Metir, a Jos shi ke riƙe mini riga in ina wasa." Na zaci zai ji kunya. Sai ya tafa hannu ya ce, "Wallahi gaskiya ne! Har ruwa nake ɗebo masa. Duk Arewa ba a yi ɗan gaba kamar Haruna ba." Aka yi dariya, aka yaba masa da rashin girman kai. Ko wannan ma shi ya ci ribarsa.

Ranar Laraba ya goya ni a babur muka je horo na ƙarshe kafin wasan Lahadi. Ƙungiyar gauraye ce, Hausawa huɗu, sauran 'yan ƙabilun Bamilike da Basa, duk da takalman ƙwallo. Yana ba su umarni da Faransanci da Hausa da Turancin kasuwa, yana zana musu layi a ƙasa da tsinke, manyan mutane suna tsaye shiru suna saurare. Abin da yake koya musu ban taɓa jin irinsa ba, yadda mutum zai ruga inda ƙwallo ba ta je ba tukuna. Ya ce mini, "Haruna, kai idonka ya fi nawa a kan gola. Zauna bayan raga ka duba mini Matiyas."

Matiyas shi ne golansu, ƙaton Basa mai 'ya'ya uku, yana dakon buhuna a tashar jiragen ruwa. Ban yi minti goma a bayan ragar ba na gano shi. In ƙwallo ta zo dama sai ya tashi kamar kyanwa. In ta zo hagu a sama sai ya kai hannun dama ya tsallaka da shi, na hagun yana manne da haƙarƙari. Ya ji ciwo a kafaɗa yana ɓoyewa don kada a cire shi a wasan kofi. Duk ɗan gaban da ya san aikinsa zai gane haka kafin a je ko'ina. Suna da wani gola na biyu, yana nan zaune a gefe.

A hanyar gida Isiyaku ya waiwayo ya ce, "Yaya ka gan shi?"

Na ce, "Lafiya lau yake."

Ba mantuwa na yi ba. Daga Laraba zuwa Lahadi sau da yawa maganar ta zo bakina, muna cin abinci a kwano ɗaya, in mayar da ita. Na riƙa ce wa kaina ai shi ne mai takardar Faransa, shi ya kamata ya gani. Abin da nake so shi ne in gan shi sau ɗaya kansa a sunkuye.

Ranar Lahadi Nubel ta kwashe ta tafi fili, da ganguna da kalangu, har matan wasu ƙabilun da rawarsu, abin da ba a yi a wurinmu. Turawa suna zaune a rumfa mai inuwa, mu muna tsaye. Abokan karawar 'yan Daido ne, tsohuwar unguwar 'yan ƙasa ta kusa da gada, waɗanda ke kallon mutanen Nubel a matsayin 'yan ci-rani. Alhaji Tanko ya sa an kawo masa kujera bakin layi.

Ɗan gabansu wani siriri ne mai wayo. Bugunsa na farko ya aika hagu a sama don gwaji, ya ga yadda Matiyas ya yi. Na ga ya yi murmushi, don ni ma da haka zan yi. Kafin a tafi hutu ya zura biyu, duka a wuri ɗaya. A ta biyun Matiyas ya tilasta wa hannun ya miƙe, ya faɗi a kansa, ya tashi fuskarsa ta yi toka. Gangunanmu suka yi shiru. Na dubi Isiyaku, ga kansa a sunkuye kamar yadda na so. Na jira daɗin ya zo, bai zo ba. Abin da na ji shi ne kukan matar Matiyas a bayana.

Da aka busa hutu na tsallaka igiya na kama hannun Isiyaku.

"Kafaɗarsa ce ta hagu. Ba ya iya ɗaga hannun."

Ya je ya kama gwiwar hannun Matiyas ya ɗan ɗaga, mutumin ya yi ƙara ya durƙusa. A dokar kofin nan ba a canza ɗan wasa in an fara, don haka golan na biyu ba shi da amfani yanzu. Isiyaku ya cire wa Matiyas rigar gola ya ba wani dogon mai tsaron baya, ya ɗaure wa Matiyas hannu da rawani ya tura shi gefe ya riƙa tsayawa kawai. Ya tsuguna da ƙafarsa a miƙe ya sake musu tsari a ƙasa cikin minti biyar. Abin da suka buga bayan hutu ban taɓa ganin irinsa ba, mutum goma da rabi suka tsare 'yan Daido a gidansu. Suka rama ɗaya, suka bugi ƙarfen raga sau biyu. Aka tashi biyu da ɗaya, kofi ya tafi Daido.

A gaban Alhaji da jama'a Isiyaku ya ce laifinsa ne, shi ya kamata ya duba golansa. Daga fili ya wuce da Matiyas asibiti, inda aka ce ƙashin ya goce, zai yi watanni bai ɗauki buhu ba.

Washegari da hantsi muna zaune a ƙofar gida, ana yayyafi, yana shafa wa gwiwarsa man zafi. Bai dube ni ba ya ce, "Yaushe ka gani?"

Da na ce a fili na gani, da ya yarda, ko ya yi kamar ya yarda. Na ce, "Ranar Laraba."

Ya ci gaba da shafa man. Can ya ce, "Haruna, da ma Alhaji ya ce in nemo mataimaki. Shi ya sa na rubuto maka ka zo. Na so sai mun ci kofi in gaya maka cikin murna." Ya rufe kwalbar. "Ni me na yi maka?"

"Ba ka yi mini komai ba."

"Bon," in ji shi da Faransanci, wato shi ke nan, ya tashi ya shiga ciki.

Bai sake tayar da maganar ba, ba ta aikin ba, ba ta Laraba ba. Kwana biyun da suka rage an ci gaba da kawo mini abinci a kan lokaci, amma a kwano nawa ni kaɗai. Na je asibiti na duba Matiyas, ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya yana godiya, wai an ce ni na cece shi daga ƙarasa karyewa. Ban iya Faransancin da zan gyara masa ba, kuma ban nemi tafinta ba.

Ranar tafiya Isiyaku ya goya ni har tashar jirgi a hayin kogi. Ya ba ni turmin atamfa da bargo da gwangwanin madara in kai wa Inna Kande, da yadi biyar na farin boyel nawa. Ya ba ni hannu kamar yadda ake ba kowa a garin, ya ce in gaida gida. Jirgi bai tashi ba ya juya babur ɗinsa.

Dawowar ta fi zuwan sauƙi, mun dace da ranar hanya a Kumba, kwana biyar na iso Jos. Na huta kwana ɗaya na ɗauki saƙon na je wurin Inna Kande. Idanunta sun yi rauni, sai ta riƙa shafa bargon da tafin hannu tana tambaya. Ya yi ƙiba? Matar tana kula da shi? Da gaske ana girmama shi? Na gaya mata komai, tun daga mai hatimin bakin iyaka har 'yan dakon kasuwa, ban rage masa ko ɗaya ba. Ta yi ta hamdala.

"To, wasan da ka je dominsa fa, sun ci?"

"Ba su ci ba, Inna."

Ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Ba komai, ɗana. Tunda kana kusa da shi a ranar, na san bai ji zafin shi kaɗai ba. Allah ya yi maka albarka, Allah ya ba ka aboki irinka."

Na buɗe baki in ce amin, na kasa.